Baƙar Motar Kawu, Daga Dutsi Zuwa Tibiri

Lahadi

Ranar Asabar mai zuwa za a kai 'yar Kawu ɗakinta, a wani ƙauye da ke gaba da Tibiri kaɗan, Kawu kuwa ya kafe ba motar da za ta ɗauki amarya sai tasa. Corolla ce baƙa, shigowar Kwatano, injinta lafiya lau, kujerunta ko ɓula babu. Fentin ne ya gaji. In ka gan ta da sassafe ko da almuru a ƙofar gida, sai ka rantse jiya aka sauke ta. Rana na ɗagawa sai baƙin ya koma toka-toka, duk inda haske ya sauka a jikinta sai ka ga siraran zane sun kewaye shi kamar saƙar gizo.

Duk gidan mun san mafarin abin, ba dai mai iya faɗa masa. Kullum in Kawu ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗauko wani tsohon rawani ya share ƙurar da ta kwana a kanta, tun daga murfin inji har baya, a bushe, ba ɗigon ruwa. Shekara da shekaru yana haka. A duk Dogon Dutsi da wuya a sami mai son abin hawansa kamar Kawu, wannan son kuma shi ya cinye mata fuska.

Yau da la'asar ya ce a kai ta a fesa mata sabon fenti. Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri zuwa gobe, akwai wanda nake so ya fara ganinta." Fentin kamfani gasa shi ake yi cikin tanderu, a zafin da ya kai digiri 140, tun motar tana gangar ƙarfe zalla, ba roba ba waya. Ba mai feshin da zai maido maka da irinsa a ƙarƙashin rumfa, balle cikin Janairu, iska na kwasar ƙura tana zubawa a kan ɗanyen fenti.

Litinin

Muka kai motar garejin mutumin da na ce ya fara ganinta. Garejin yana bakin babban titi, wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Doso ya ratsa garinmu ya wuce Ƙonni. Maigidan ɗan nan ne, amma a Kwatano ya koyi aikin, a filayen da ake jere motocin da jiragen ruwa suka sauke daga Turai, inda ake goge mota har ta ruɗi mai saye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kasuwa ta mutu masa, ya tattaro injinsa ya dawo gida. Ko da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangarenmu na gadar bai buɗe ba, mota sai ta zagayo ta Lome da Burkina. Mai tsohuwa yanzu da hannu biyu yake riƙe da abarsa. Ya ce rufewar da ta koro shi daga can ita ta samar masa aiki a nan.

Yau bai taɓa inji ba. Ya wanke gefe guda na murfin inji, ya sa yara suka tura motar cikin ɗaki mai duhu, ya haska tocila.

"Mushe, matso ka gani," in ji shi. "Yi tahiya kaɗan kana kallon hasken."

Na matsa, sai kewayen ya biyo ni. Ashe zanen ba zagayayyu ba ne. Dubbai ne, kowanne ya nufi inda ya nufa, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace. A cikinsu waɗanda suka gitta hanyar hasken ne kaɗai ke maido shi cikin idonka, su kuwa in suka haɗu sai su ba da da'ira kewaye da fitilar. Ka matsa, waɗancan su ɓace, wasu su kama. Shi ya sa masu cewa a daina shafa a zagaye a riƙa shafa a miƙe ba su kai ga gindin maganar ba. Tsumma mai yashi, ta ko'ina ka ja shi, zane zai yi.

Fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai na hana tsatsa da na share fage, sai launi, sai wani garai-garai mara launi a sama, wanda masu fenti a nan ke kira berni. Shi ke ba da sheƙi, shi ke tare wa launi rana. Duka-duka kaurinsu daga kamfani yakan tsaya tsakanin mikiron 100 da 150, mikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bernin kansa bai cika wuce 35 zuwa 50 ba, wato bai kai rabin kaurin takardar da nake rubutun nan a kanta ba. Duk zanen da ke damun Kawu a cikin wannan ɗan siririn hawa suke.

Maigida ya ɗiga ɗan folish a farin ƙyalle ya murza a ɓoyayyen wuri. Ƙyallen ya fito fari, alamar akwai berni. Da fenti mai hawa ɗaya ne, irin na tsofaffin Fijo 504, da launin ya biyo ƙyallen. Daga nan ya naɗe mayen ƙarfe cikin tsumma ya bi jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, sai a ƙugun baya na hagu ya saki. Akwai mastik a wurin, an taɓa buga ta an gyara tun kafin ta zo hannun Kawu, kuma ya ce nan zai bi da sauƙi, don fentin hannu ba a san kaurinsa. A ƙarshe ya ja farce a kan dogon zanen da amalanken jaki ya yi wa ƙofar baya. Farcen ya maƙale.

"Alhaji, wagga mota ba ta son sabon fenti," ya ce da Kawu. "Amma wanga na ƙohwa ba ni iya kashe shi. In rage mishi kaihi dai."

Kawu bai ce uffan ba. Ya miƙa makulli.

Talata

Yini guda a kan wanki, kuma da za a ce in zaɓi yinin da nake so kowane mai mota a garin nan ya zo ya kalla, wannan zan zaɓa.

Ƙurar da muke gani tana da laushi a ido, a hannu ma haka. Amma a duba daga ina take. Hazon hunturu da ke rufe mana duwatsun gari yana tasowa ne daga arewa maso gabas, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke lissafawa cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ta iso ta tarar da tamu: rairayin Dallol Mauri, wanda akasarinsa ɓarɓashin dutsen ƙanƙara ne, da jar marmarar da taya ke niƙawa a hanyoyin ƙauye. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, farcen mutum bai kai 3 ba, ƙarfen wuƙa yana tsakanin 5 da 6, dutsen ƙanƙara yana kan 7. Abin da ke iya zana wuƙa da gilashi, ina berni zai tsaya masa? Duk safiyar da aka ɗora busasshen ƙyalle a kan wannan ƙura aka danna aka ja, samfefa aka yi wa motar.

Maigida ya fara da kwarara ruwa daga sama, bai taɓa ta da komai ba sai da mafi yawan ƙurar ta bi ruwa. Sannan bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraya. Ya tsoma ƙyalle mai gashi-gashi a na sabulu, ya shafi fage ɗaya, ya ɗauraye shi a na biyu ya matse, sannan ya koma na farko. Daga sama zuwa ƙasa, gindin ƙofofi a ƙarshe, taya kuwa da nata tsumman daban. Da aka gama ya kira ni in leƙa bokitin ɗauraya. Yashi ne kwance a gindinsa, wanda za ka iya dangwalowa da yatsa.

Na tuna yaran da ke wanki a bakin tasha, bokiti ɗaya, tsumma ɗaya, da garin sabulun wankin kaya, a goge taya a dawo kan murfin inji. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ruwan saye suke yi wurin 'yan ga-ruwa, abin da muke ba su kuwa bai isa bokiti na biyu ba. Mai motar da ke ciniki a kan 'yan daloli shi ya zaɓa wa motarsa wannan wankin.

Bayan ta bushe ya ba ni leda in sa hannu a ciki in shafa rufin. Abin mamaki, wurin da tafin hannu ya ji sumul, ta cikin leda sai na ji ƙurji-ƙurji. Ɗigon kwalta ne, da ƙaron itace, da ɓurɓushin ƙarfen birki da suka nutse cikin fenti, wanki ba ya fitar da su. Ya ɗauko wani danƙo mai laushi da ya zo da shi daga Kwatano, yana fesa ruwan sabulu yana silala shi a hankali, in gefe ya yi datti ya ninke. Ya ce in ya faɗi ƙasa sau ɗaya, ya tashi daga aiki. In aka bar waɗannan ƙurajen, soson inji zai tsince su ya yi ta yawo da su a kan fenti.

Laraba

Tun kafin rana ta fito muka fara, don ƙarfe mai zafi yana busar da folish kafin ya yi aiki. Ya liƙe robobi da bakin gilasai da tef, ya liƙe duk wata kusurwa da ƙaryar jiki, domin a nan fenti ya fi siranta. Sai ya raba murfin inji biyu da tef, ya ware ɗan fage kamar kamu biyu kowane gefe.

A nan ne na fahimci abin da ake kira gogewa, kuma ya sa jikina ya yi sanyi. Folish ba ya cike zane. Kankare bernin da ke kewaye da zanen yake yi, har fili ya sauko daidai da gindin ramin. Abin da ke cikin folish ɗin ma gari ne na alumina, wadda danginta ke kan 9 a wancan ma'auni, ta fi yashin da ya yi ɓarnar tauri. Bambancinsu laushin niƙa ne kawai: zanen da take bari ya yi ƙanƙantar da ido ba ya kama shi. Ke nan duk sheƙin da aka samo, daga jikin bernin aka yanko shi, abin da aka yanka kuma ba ya tsirowa. Sinadarin da ke kare launi daga rana a cikin bernin yake, in ya yi siriri da yawa sai ya fara fari-fari yana ɓarewa, irin wanda muke gani a rufin motoci da yawa a garin nan. Wannan ba shi da magani sai feshi.

Shi ya sa Maigida ya fara da mafi sauƙi, soso mai laushi da folish mai laushi. Ya bi fagen a tsaye, ya bi shi a kwance, a hankali, soson a shimfiɗe ba a kan baki ba. Ya goge ya haska. Rabin zanen sun tafi, rabi suna nan. Sai ya hau mataki ɗaya, soso mai ɗan tauri da folish mai ɗan kaifi. Wannan karon fagen ya fito baƙi wuluk, hasken tocila ya tsaya a cikinsa guda ɗaya ba gezar komai. Akwai soson gashin tunkiya a rataye, wanda ya fi duka ci, bai ko kalle shi ba.

Injinsa mai juyi ne da ake iya rage masa gudu, yana riƙe shi tsakanin juyi 1,000 da 1,500 a minti. Lokaci-lokaci yakan ɗora bayan hannu a kan ƙarfen, in ya ji ɗumi ya yi yawa ya koma wani wuri. Ya nuna mini wata mota a bayan gareji da aka kawo masa daga wani gari. Wani ya ɗaura soso a injin yankan ƙarfe, wanda ƙaraminsa ke juyi wajen 11,000 a minti, ya ƙone mata gefen murfi har fentin ƙasa ya leƙo. Ya ce aikin daƙiƙa kaɗan ne.

Da aka ɗaye tef ɗin tsakiya, yaran garejin da masu wucewa suka taru. Gefe ɗaya toka, gefe ɗaya har ganyen dogon yaron da ke samanmu ana ƙirgawa a cikinsa.

Alhamis

Wuta ta ɗauke da hantsi. Aka koma hannu, ana bin ƙarƙashin mariƙin ƙofa, inda farce da zobe suka yi ta karta, da ginshiƙan tagogi da inji ba ya shiga.

Kawu ya zo bayan azahar. Ya ga murfin inji da rufi, fuskarsa ta washe, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar baya.

"To, wannan fa? Wanda ya yi wancan ai ba ya kasa wannan."

"Alhaji, ina iyawa," in ji Maigida. "In sa samfefa mai lamba 2000 da ruwa in bi shi, yau ɗin ga ba ka ganin shi. Amma sai na cinye bernin wurin kusan duka. Bazara biyu, ƙohwar ta hwara ɓarewa, ka ce ni na ɓata ma mota."

"Nan amarya za ta shiga."

"Allah shi sa albarka. A buɗe mata ta dama."

Kawu ya juyo gare ni. Na ce, "Kawu, ni dai ina bayan maganarsa." Na faɗa ne har zuciyata. Mai sana'ar da aka miƙa wa kuɗi a kan aikin da zai burge yau ya lalace gobe, ya ce a'a, samun irinsa sai an tona. Na san masu shafa wa mota gazuwal ranar da za a kai ta kasuwa, ta yi ta ƙyalli har a biya kuɗi, kwana kaɗan ta koma yadda take, ta ƙara da kama ƙura. Maigida ya zauna cikin masu wannan dabara shekaru, bai ɗauko ta ba.

Abin da ya yi wa zanen shi ne ya goge bakinsa har kaifin ya kwanta, ya daina walƙiya, sannan ya ɗiga baƙin fenti cikin ramin da tsinken ashana. Daga taku uku ba ka ganinsa. In ka sunkuya yana nan.

Juma'a

Kafin masallaci aka gama zagaye na biyu, da soso mafi laushi, don share sawun da injin kansa ke bari, wani irin haske mai lanƙwasa da ba ya fitowa sai a rana. Sannan ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya sirka alkol na kantin magani da ruwa ya goge motar duka. Folish yana da mai, man kuwa yakan kwanta cikin zanen da bai mutu ba ya ɓoye shi har zuwa wanki na gaba. Da ya cire man, wurare biyu a murfin baya suka tona kansu. Ya koma musu.

Da la'asar aka shafa kaki. Na tambaye shi ko kakin zuma zai yi, tunda muna da shi a kasuwa. Ya girgiza kai. Kakin zuma yana narkewa da ya wuce digiri 60 kaɗan, baƙar mota kuwa a ranar Afirilu ta Arewa ƙarfenta yakan haura haka. Wanda ke cikin gwangwaninsa akwai karnuba a ciki, kakin da ake kankarowa daga ganyen wani itace dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, shi sai ya haura digiri 80 yake narkewa. Duk da haka ya ce kada mu ɗora masa rai. A zafinmu da ƙurarmu, wata biyu ya yi ƙoƙari, sai a sake. Amfaninsa shi ne ƙura ba ta kama jiki sosai, ruwa kaɗan ya ture ta. Ƙugun da aka taɓa yi wa fenti tsohon gyara ne, don haka shi ma ya sha kaki. Da sabo ne sai ya yi wata guda ko fiye yana shan iska tukuna.

Asabar

Mun tashi da hantsi, motar amarya a gaba, don kada ta sha ƙurar sauran. Shawarar Maigida ce, ta kuma yi wa Kawu daɗi ta wani fannin. Muka bi kwalta zuwa Koren Mairuwa, muka yi kudu. Dallol a wannan lokaci yana da kyau, gawo ya yi ganye shar alhali sauran itatuwa sun zubar, ga lambunan rani kore-kore a gefen rijiyoyi. Bayan Tibiri muka shiga hanyar yashi, ƙaya na leƙowa ta gefe biyu, direba yana kaucewa, Kawu a mota ta biyu yana ta miƙa wuya.

Da muka isa ƙura ta riga ta yi mata mayafi, amma baƙin yana huda ta yana fitowa. Mata suka yi guɗa, aka buɗe ƙofar dama. 'Yar'uwata ta fito tana kuka a cikin lulluɓi, ni ma na manta da wata mota sai da aka yi sallar la'asar. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Lahadi

Mun kwana can, mun dawo da azahar. A cikinmu ba wanda ya taɓa ta.

Litinin

Na kai ta gareji aka wanke irin wankin Talata, wannan karon ɗan autan Kawu ne ya riƙe ƙyalle, Maigida yana tsaye a kansa yana gyara masa hannu. Ƙurar ta bi ruwa ba gardama. Da aka haska tocila, ko'ina lafiya sai murfin baya da ƙofar gaba. Yaran ƙauye sun yi rubutu da yatsa a cikin ƙurar, sunan ango da na amarya, ruwa ya wanke rubutun amma sawunsa yana nan cikin berni, siriri, ana iya karanta shi a ƙarƙashin fitila. Akwai kuma layi biyu na ƙaya a ƙofar gaba, marasa zurfi.

Na zaci zai jawo inji. Ya ce a'a, murfin baya ya sha gogewa biyu cikin makon da ya wuce, a bar shi sai hunturu ya wuce, sannan a bi wurin da hannu da folish mai laushi. Ya ƙara wa wurin kaki kawai.

Saura maganar inda za ta riƙa kwana. Kawu yana son tamfol. Maigida ya ce tamfol a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi dare guda, ya fi rawani ɓarna. Gindin dogon yaro kuma kashin tsuntsu ne da ƙaro, su ma suna cin berni in suka kwana a rana. Ni na kawo shawarar rumfa mai zana ta gefen gabas da arewa, inda iskar ke bugowa. Kawu ya ce zai duba, ya tambayi kuɗin bokiti biyu da ƙyallen nan mai gashi, ya ce ni zan saya tunda ni na jawo maganar. Na ce na ji. Ranar kasuwa zan je da ɗan autan, mu taya zana da azara gaba ɗaya.